Zuwa Ga Ɗan Ƙanwata, Kan Agogon Da Jama'a Suka Rataya Mana

Assalamu alaikum, ɗana.

Saƙonka ya same ni lafiya, kuma sai da na karanta shi sau uku kafin na zauna ba ka amsa, domin na ga tambayar ba ta jiya ba ce, ta daɗe tana cin ka a rai. Ka ce shekararka 31, shekara 6 kana aikin ofis, albashi ba ya yankewa, amma kowace safiya ji kake kamar da igiya ake jan ka. Ka ce zuciyarka tana wurin aikin katako da kake koya a ranakun hutu. Sa'o'inka sun yi aure, wasu har da 'ya'ya biyu, kuma duk taron da ka shiga tambayar ɗaya ce ake yi maka. Sai ka ce: "Kawu, wannan jeri da muka gada, karatu, aiki, aure, haihuwa, gina gida, kowanne da shekarunsa, wa ya tsara shi? Wanda ya kauce masa ya yi sallama da farin ciki ke nan?"

Zan fara da kare al'adar, don na ji ƙamshin fushi da ita a cikin rubutunka. Waɗanda suka shimfiɗa wannan jeri mutane ne da suka ga jiya suka ga yau. Sun ga saurayin da ya girma ba sana'a ya zama kaya a wuyan dangi. Sun ga tsohon da ya kwanta ciwo babu mai miƙa masa ruwa. Sun ga wanda ya yi nisa da kowa har ba sauran mai iya ce masa bari. A zamanin da babu fansho, babu asibiti kusa, 'ya'yan mutum su ne jarinsa na tsufa, kuma mutuwa tana yawan ɗaukar yara tun suna goye. A shekarar 1900 matsakaicin tsawon rai a duniya bai wuce shekara 32 ba, yawanci saboda mutuwar ƙananan yara; yau ya haura 70. Wanda ya rayu a wancan hali, in ya ce maka yi sauri, tsoro ne da ƙauna suke magana a bakinsa. Har yau innarka in ta dame ka da maganar aure, abin da take hangowa shi ne ranar da ba ta nan, kai kuma ka shiga gida ba wanda zai ce maka sannu da zuwa. Kada ka raina wannan tsoro.

Sai dai akwai abin da al'ada take tsarewa, akwai kuma lissafin shekarun da aka ɗora a kai, kuma matasa da manya duka muna yawan cakuɗa su. Abin da take tsarewa shi ne kada ka zauna hannu rabbana, kada ka ƙare kai kaɗai, kada ka fi ƙarfin a yi maka faɗa. Wannan bai tsufa ba, ba kuma zai tsufa ba. Lissafin shekarun kuwa yana canzawa a idon mutum ɗaya. Wata malamar jami'ar Chicago a Amurka, Bernice Neugarten, ita ce ta yaɗa kiran wannan abu da agogon jama'a. A binciken da ita da abokan aikinta suka wallafa a 1965, mafi yawan waɗanda aka tambaya sun haɗu a kan cewa namiji ya yi aure tsakanin shekara 20 da 25. Da aka sake yin irin tambayar bayan kimanin shekara 20, waɗanda suka yarda da haka ba su kai rabi ba. A ƙasar tasu, a 1960 namiji yakan yi auren fari yana da kimanin shekara 23, yanzu kuwa sai wajen 30. Ka ga agogon da ake ce maka ka makara a kansa, hannun mutane ne yake juya shi, kuma kowace tsara tana ɗaukar nata saitin a matsayin yadda duniya take tun fil azal.

Ba sai na je da nisa ba ma. Innarka ƙanwata ce, a gabana ta girma. An yi mata aure da wuri, ta ajiye karatu, ta haife ku. Kai kana ƙarami lokacin, wataƙila ka manta, amma ni ina tuna wani dare da na zo gidanku na same ta a kan tabarma, tana da shekara 40, ita da yayarka kowa da littafinsa, fitila ɗaya a tsakaninsu. Tana riƙe da fensir kamar mai tsoron kada ya karye, tana goge lissafi tana sakewa, har takardar ta huje a wurin. Yayarka ce take gyara mata. Da ta samu amsar, sai ta ɗago kai ta dube ni, fuskar nan tata ta cika da wani haske da ban gan shi ba ko ranar bikinta. Mutane sun yi ta cewa me tsohuwa za ta yi da boko. A agogon jama'a ta makara da shekara 20. Ita kuwa daren nan ba ta san da wani agogo ba. Ka tuna mata wannan in za ku yi magana, cikin ladabi, domin ta fi kowa sanin daɗin abin da mutum ya zaɓa da kansa.

Akwai labarin da nake so ƙwarai daga rayuwar Imam Malik, wanda ya rasu a Madina a shekara ta 179 bayan Hijira. Wani mai yawan ibada da ake kira Abdullahi al-Umari ya rubuta masa wasiƙa yana kwaɗaitar da shi ya bar taron karantarwa ya keɓe kansa don ibada. Ma'anar amsar da Malik ya mayar ita ce: Allah Ya raba ayyuka kamar yadda Ya raba arziki. Wani an buɗe masa ƙofar salla ba a buɗe masa ta azumi ba, wani an buɗe masa ta sadaka, shi kuma an buɗe masa ta yaɗa ilimi, ya kuma yarda da rabonsa, yana fatan su biyun duk suna kan alheri. Abin da yake burge ni shi ne bai ce wa mutumin hanyarka ba daidai ba ce. Bai kuma bar tasa don ya faranta masa ba. In har ƙofofin neman lahira suna da yawa haka, me zai sa ƙofar zaman duniya ta zama ɗaya tak? A cikin sahabbai akwai Abdurrahman bin Auf da ya shiga kasuwar Madina ba shi da komai ya zama attajiri, akwai Abu Huraira da ya zauna cikin talakawan Suffa yana haddace hadisi. Imam Nawawi ya rasu a 1277 bai kai shekara 50 ba, bai yi aure ba, kuma har yau ana cin moriyar iliminsa. Ban kawo shi don in hana ka aure ba, aure sunna ne kuma ina yi maka fatansa. Na kawo shi ne don ka daina kallon kanka kamar wanda aka rufe wa littafi.

To, in hanyoyi suna da yawa, da me ake gane wadda za ta kai? Nan ne nake so ka tsaya da ni sosai.

A 1938 jami'ar Harvard ta fara bin rayuwar ɗalibanta maza 268. Daga baya aka haɗa da yara maza 456 daga unguwannin talakawa na birnin Boston, jimla 724. Shekara da shekaru ana komawa wurinsu, ana duba lafiyarsu, ana tambayarsu aiki da iyali da abin da yake damunsu, har suka tsufa, sannan aka ci gaba da matansu da 'ya'yansu. A cikinsu an samu likitoci da lauyoyi da magina da ma'aikatan masana'anta, har da John Kennedy da ya zama shugaban ƙasa. Wasu sun tashi daga ƙasa sun yi sama, wasu sun faɗo. Abin da masu binciken suka yi ta gani yana maimaituwa, kamar yadda shugabansu na yanzu Robert Waldinger yake bayyanawa, shi ne ingancin zaman mutum da mutanensa ya fi komai nuna yadda tsufansa zai kasance. Waɗanda suka fi gamsuwa da alaƙarsu da na kusa da su suna da shekara 50, su ne suka fi lafiya suna da 80. Asalin mutanen duk maza ne farar fata na ƙasa ɗaya, don haka ba zan ce maka su ne ma'aunin duniya ba. Amma abin da suka gano na gan shi da idona.

Ina da aboki tun muna makaranta. Ya bi jerin nan daki-daki, bai tsallake ko mataki ɗaya ba: ya gama karatu a kan kari, ya samu aiki, ya yi aure, ya yi gini, ya hau muƙami har ƙololuwa. Duk iyayenmu da shi suke mana misali. Amma aikin ya cinye shi. Yakan fita yara suna barci, ya dawo suna barci. Biki da ta'aziyya sai dai ya aika. Wata uku bayan ya yi ritaya na je gaishe shi. Na same shi a babban falo shi kaɗai, wayoyinsa biyu a kan hannun kujera. Muna hira yana ɗaukar ɗaya ya duba ya ajiye, ya ɗauki ɗayar. Awa biyu na yi a wurin, ko sau ɗaya ba su yi ƙara ba. Da zan tafi ya rako ni har bakin ƙofa, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce: "Ashe kujerar suke kira." Na yi kuka a hanya. Mutumin kirki ne, bai cuci kowa ba, ya cika kowane sharaɗi na agogon jama'a, amma abin da al'adar take tsarewa tun asali, wato kada ka ƙare kai kaɗai, shi ne ya kuɓuce masa. Alhamdu lillahi, yanzu yana gyarawa, ya koma ziyartar 'yan uwa da ƙafarsa, jikoki sun fara sabawa da shi.

Shi ya sa ko auren da ake matsa maka a kai, ina so ka fahimci abin da yake bayarwa. A Jamus an bi mutane sama da 24,000 tsawon shekara 15, aka wallafa sakamakon a 2003. An ga farin cikin mutane yana ɗagawa gab da aure da farkonsa, sannan a yawancinsu ya koma kusa da inda yake a da cikin 'yan shekaru kaɗan. Wasu sun ɗore a sama, wasu sun gangara ƙasa da inda suka fara. Ɗaurin auren bai raba su ba, tunda duk an ɗaura. Zaman da ya biyo baya ne ya raba su. Wanda ya yi aure don a daina tambayarsa, tambayar za ta tsaya, zaman kuma ya rage masa shi da 'yar mutane. Ka nemi aure da gaske, ɗana, kada ka jingine shi sai ka yi kuɗi, amma ka neme shi don kana son zama da wata, kana kuma shirye ka ɗauki nauyinta.

Maganar kuɗi ba zan ja ta ba. Talauci yana cin farin ciki, duk wanda ya ce maka ba haka ba bai taɓa rasa kuɗin magani ba. Wasu masana biyu, Daniel Kahneman da Angus Deaton, sun ruwaito a 2010 cewa a Amurka jin daɗin yau da kullum yana ƙaruwa da samu har zuwa kimanin dala 75,000 a shekara. A 2023 Kahneman da Matthew Killingsworth suka sake dubawa, suka ga a wurin yawancin mutane yana ci gaba da ƙaruwa bayan nan, amma waɗanda suka fi kowa baƙin ciki akwai inda ƙarin kuɗi yake daina yi musu magani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa cewa wadata ba yawan kaya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. Ka riƙe duka biyun.

Yanzu ga abin da ba na so ka tsallake. Kowace hanya tana da kuɗin shiga, kuma masu ba matasa shawarar su bi zuciyarsu ba su cika faɗin wannan ba. Ibn Battuta ya bar garinsu Tanja na ƙasar Maroko a 1325 yana da shekara 21, ya yi kusan shekara 30 yana yawo, ya ga Makka da Indiya da Sin da Mali. Da ya waiwayi gida, mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, mahaifiyarsa ma ta rasu kafin ya iso. Ya ga duniya, bai ga jana'izar iyayensa ba. Ni kaina na yi shekara 35 ina koyarwa. Tun ina saurayi wani aboki ya neme ni mu shiga kasuwanci, na ƙi, domin na san a gaban allo nake jin ni ne ni. Ban taɓa nadamar aji ba. Amma lokacin da kakarka ta yi doguwar jinya, akwai abubuwan da na so in yi mata hannuna bai kai ba, kuma wannan ciwon yana nan a ƙirjina har yau. Da zan koma baya da hanyar zan sake bi, tare da sanin abin da za ta karɓa a wurina. Haka nake so ka zaɓa, ido buɗe.

Aikin katako zai karɓi nasa. Zai karɓi tabbacin ƙarshen wata. Wasu da suke gaishe ka da girmamawa yau za su rage. Wasu gidajen in ka je neman aure za su yi jim. Bayanka zai yi ciwo, kuma za ka yi mu'amala da mai ba da aiki ya ƙi biya. In ka auna wannan duka ka ga za ka iya ɗauka, to kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka bar ofis ka faɗa zaman banza. A cikin wancan bincike na Jamus an ga rashin aiki yana barin tabo mai wuyar gogewa. Mutane da yawa ko bayan sun sake samun aiki ba su koma inda suke a da ba. Aiki yana ba mutum abin da ya wuce albashi, yana ba shi dalilin tashi da safe da mutanen da suke jiran sa. Imam Gazali ya bar kujerar koyarwa mafi girma a Bagadaza a 1095, a makarantar Nizamiyya, lokacin da zuciyarsa ta ƙi aikin har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi. Ya yi wata shida yana kai-kawo da kansa kafin ya yanke shawara, kuma sai da ya tanadar wa iyalinsa abin da zai riƙe su sannan ya kama hanyar Sham. Bayan kimanin shekara 11 ya koma koyarwa a Naisabur, da wata zuciya daban. Ka lura da wata shidan nan, ka lura da tanadin, ka kuma lura cewa komawa ba ta zame masa abin kunya ba.

Saboda haka ga shawarata. Ka ci gaba da aikinka shekara ɗaya, kana zuwa wurin maigidanka kafinta kowane hutu, har da ranakun da ba ka jin zuwa, don a ranakun ne za ka san ko so ne ko sha'awa. Ka fara karɓar ƙananan ayyuka da sunanka, ka ga ko baƙo wanda bai san ka ba zai biya ya kuma dawo. Ka tara abin da zai riƙe ka aƙalla wata shida. Kuma ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: katakon nake nufa, ko ofishin nake gudu? In wani shugaba ne ya takura maka, ko gajiya ce ta taru, canjin wurin aiki ko hutu zai iya isa, kuma wanda gudu ya fitar da shi yakan tarar da abin da ya guda yana jiran sa a gaba. In kuwa ka ga kana tsaye a kan aiki tun hantsi har la'asar ba ka san lokaci ya wuce ba, kana shafa katako da tafin hannu kana jin inda bai yi sumul ba, to wannan alama ce da ban taɓa ganin ta yi ƙarya ba. Ka yi istihara, ka shawarci waɗanda suka daɗe a sana'ar, musamman waɗanda ta ba wuya.

Masu tambayarka a taro kuma, kada ka yi musu tsawa, kada ka daina zuwa. Wannan shi ne kuskuren da na fi jin tsoro a gare ka, domin na ga matasa da yawa da suka zaɓi hanyarsu sannan suka yanke zumunci don gudun magana, suka wayi gari da 'yancinsu ba kowa a gefensu. Ka je bikin, ka je sunan, ka ɗauki 'ya'yan abokanka ka yi musu wasa da zuciya ɗaya. In an ce yaushe, ka ce a taya ka da addu'a. Yawancinsu iyakar abin da suke so su ji ke nan, cewa kana tare da su.

Innarka ta kira ni makon jiya, ta ce kwana biyu ba ka da walwala, ta kuma rasa ta inda za ta ɓullo maka. Ban gaya mata ka rubuto mini ba, wannan naka ne. Ka je ka same ta da kanka, ba ta waya ba, ka zauna ƙasa kusa da ita ka faɗa mata duk abin da ka faɗa mini, har da shirin shekara ɗayan. Za ta yi shiru, wataƙila ta yi hawaye, ka bar ta ta gama. Ka tafi mata da ƙaramar kujerar nan da ka ce ka haɗa da hannunka, ta zauna a kai kuna maganar. In Allah Ya kai mu hutun da ke tafe, ka zo mini da awon ƙofar ɗakin karatuna a ranka, ta shekara biyu tana cijewa, ina so in ga aikinka.

Ka gaishe da yayarka da yaranta. Allah Ya yi maka zaɓi mafi alheri, Ya sanya albarka a hannunka.

Kawunka.